Babi na Shida: Lissafi da Ƙididdiga a Jami'a

"To, in ka gama, me za ka yi da shi?" Wannan tambaya ce ke jiran duk yaron da sunansa ya fito a sashen lissafi ko na ƙididdiga. Wanda ya samu likitanci, tun bai sayi littafi ba 'yan uwa sun fara kiransa likita. Wanda ya samu lauya ko injiniya, kowa ya san inda ya dosa. Shi kuwa mai lissafi, sai a yi masa barka a sanyaye, wani kawu ya ce, "Shi ke nan, malamin makaranta za a yi." Sau da yawa shi kansa yaron ba shi da amsa, domin ba kwas ɗin ya nema ba. Injiniya ko kwamfuta ya cike, gurbi ya ƙare, jami'a ta tura shi inda ake da sauran wuri.

Akwai kuma tambaya ta biyu da ke bin bayan ta farko. Wayar da ke aljihun kowa tana tarawa, tana ɗebewa, tana ninkawa, tana rabawa, kafin ƙiftawar ido. Me ya saura da mutum zai shafe shekara huɗu yana koyo? Sai an amsa wannan kafin ta farkon ta amsu, don haka da ita za mu fara.

Daga "nawa ne?" zuwa "ta yaya ka sani?"

A sakandare malami kan rubuta ƙa'ida a allo, ya yi misali biyu ko uku, ya ba da aikin gida. Wanda ya haddace ƙa'idar kuma hannunsa ke da sauri, shi ne gwani. Abin da ake nema kullum shi ne amsa. A jami'a, musamman daga aji biyu, al'amarin yakan juya. Za a ba ka amsar tun farko, a ce ka kawo hujjar da ta sa dole ta zama haka.

Ɗauki lambobin mara, wato 1, 3, 5, 7, 9, ka riƙa tara su a jere. 1 da 3 sun ba da 4, wato 2 sau 2. Ƙara 5, ka samu 9, wato 3 sau 3. Ƙara 7, ka samu 16, wato 4 sau 4. Ƙara 9, ga 25, wato 5 sau 5. Ɗan sakandare zai ce ya gano sirrin, ya rufe littafi. Malamin jami'a kuwa zai tambaye shi: sau huɗu ka gwada, wa ya tabbatar maka a karo na dubu ba za ta ƙi ba?

Ga yadda hujjar take. Jera tsakuwa 9 a ƙasa, layi uku, kowane layi guda uku. Kana so jerin ya koma layi huɗu mai huɗu-huɗu. Dole ka ƙara uku a gefe, uku a ƙasa, sai ɗaya a kusurwa. Bakwai ke nan. Daga huɗu zuwa biyar, za ka ƙara huɗu da huɗu da ɗaya, tara ke nan. Ko faɗin jerin ya kai nawa, abin da za a ƙara shi ne ninki biyu na faɗin da ɗaya a kai, kuma wannan ita ce lambar mara ta gaba. Da ka fahimci haka, ba ka buƙatar gwada na dubu ko na miliyan. Ka riga ka san dalili, dalilin kuwa bai damu da girman lamba ba.

Gwaji arba'in bai isa ba

Mai karatu na iya cewa wannan neman wahala ne: abin da ya yi daidai sau da yawa ai daidai ne. Akwai wani shahararren misali da ake dangantawa da Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan na ƙarni na 18, wanda ke maganin wannan tunani.

Wasu lambobi ba sa rabuwa da komai sai da 1 da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Yanzu ɗauki kowace lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta a kan abin da ka samu, sannan ka ƙara 41. Da 0 za ka samu 41. Da 1, 43. Da 2, 47. Da 3, 53. Da 4, 61. Dukkansu marasa rabuwa ne. Ci gaba da haƙuri har 39, ba ko ɗaya da za ta saɓa. Gwaji arba'in cur. Sai ka sa 40, ka samu 1,681, wanda shi ne 41 sau 41. Ƙa'idar ta rushe.

Wannan shi ne abin da sashen lissafi ke dasa wa ɗalibi tsawon shekara huɗu: kada ya karɓi magana don ta yi kama da gaskiya ko don babba ya faɗa, sai ya bi ta mataki-mataki ya ga babu inda ta karye. Waya tana ba da amsa. Sanin ko tambayar da aka yi mata ita ce ta dace, da ko amsar za ta tsaya a kowane hali, wannan aikin mutum ne.

Abin da ke cikin shekara huɗun

A yawancin jami'o'in Najeriya digirin shekara huɗu ne. Ana neman kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da lissafi, galibi kuma da fizis. Kowace jami'a tana da nata sharuɗɗa, don haka a duba ƙasidar JAMB ta shekarar kafin a cike fom. A Nijar, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai misali, digirin farko shekara uku ne bisa tsarin ƙasashen da ke karatu da Faransanci.

Aji ɗaya yawanci maimaici ne da faɗaɗawa, tare da sauran 'yan kimiyya. A nan ake shiga kalkulas, ilimin auna canji, wanda Newton ɗan Ingila da Leibniz ɗan Jamus suka kafa a ƙarshen ƙarni na 17. Ruwan da ke shiga madatsar Tiga ba ya zuwa da ƙarfi ɗaya: a watan Agusta ya yi yawa, da rani ya ja baya. Kalkulas ne ke ba da hanyar tara irin wannan abu mai sauyawa kowane lokaci, ko a auna saurin sauyinsa a wani lokaci guda. Da shi ake lissafin yaɗuwar annoba, da raguwar magani a cikin jini, da nauyin da gada za ta iya ɗauka.

A aji biyu da uku ake rabuwa. Ɗan lissafi ya shiga aljabara mai zurfi, da nazarin tushen kalkulas, inda ake komawa a kafa hujjar duk abin da aka yi amfani da shi a baya ba tare da tambaya ba. A nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, har waɗanda suka saba zuwa na ɗaya. Sukan buɗe takardar jarrabawa su ga kusan babu lambobi a ciki, sai "nuna cewa" da "tabbatar da cewa". Ɗan ƙididdiga shi kuma ya shiga ilimin yiwuwa, da tsara bincike, da nazarin alaƙar abubuwa, da hasashen gaba daga alƙaluman baya. Aji huɗu na zaɓin fanni ne da rubuta aikin binciken kammalawa.

Ƙididdiga: hukunci da ɗan abin da ka gani

Lissafi na neman tabbas. Ƙididdiga kuwa tana aiki ne inda tabbas ba ya samuwa, kuma dole a yanke shawara.

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya-ƙwaya. Yakan soka ƙarfe mai kwarmi a sama, a tsakiya, a ƙasa, ya duba abin da ya fito a tafin hannunsa, ya yanke farashi. Ya san abu biyu. Ɗan kaɗan ya isa a gane buhu. Ya kuma san in bakin buhu kawai ya duba, mai kyau aka ɗora a sama. Ilimin ɗaukar samfuri a kan waɗannan biyun ya tsaya, sai dai shi yana ƙara na uku: yana auna girman kuskuren da za a iya yi.

In aka zaɓi mutum 1,000 ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa ke da damar fitowa daidai da kowa, aka tambaye su ra'ayi, to sau 95 cikin 100 amsarsu ba za ta yi nisa da ta jama'a duka da fiye da kimanin kashi 3 cikin ɗari ba. Abin mamakin shi ne, ko jama'ar miliyan ɗaya ce ko miliyan 200, dubun nan ta wadatar. Wanda ke so ya rage kuskuren zuwa rabi, sai ya ninka samfurin sau huɗu.

Amma fa sai zaɓin ya yi adalci. A 1936 wata mujalla a Amurka mai suna Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10 kafin zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan 2 suka dawo. Ta yi hasashen Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tattaro sunaye ne mafi yawa daga littafin masu tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, ga shi kuma waɗanda suka ga damar amsawa ba su wakilci waɗanda suka yi shiru ba. Wani mai binciken ra'ayin jama'a, George Gallup, da mutum kimanin dubu 50 kawai, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Ɗalibin ƙididdiga yana kuma koyon gane inda alƙaluma ke ruɗi ba tare da an yi ƙarya ba. A ce mutum tara kowanne na samun Naira 50,000 a wata, na goma yana samun Naira 5,050,000. In aka tara aka raba goma, matsakaicin samunsu Naira 550,000 ne. Lissafin daidai yake, amma babu ko ɗaya cikin taran da zai yarda shi ake nufi. Shi ya sa masanin ƙididdiga a irin wannan hali yakan jera su daga ƙarami zuwa babba ya ɗauki na tsakiya, wanda a nan Naira 50,000 ne.

Wani reshe babba shi ne tsara gwaji. Ronald Fisher ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, inda tambayar ita ce: in wannan fili ya fi wancan albarka, taki ne ya jawo ko ƙasar ce dama ta fi kyau? Maganinsa shi ne a raba gona gida-gida, a bar ƙuri'a ta zaɓi inda kowane taki zai je, a kuma maimaita. Da wannan tsari ake gwada sabon irin dawa ko masara a cibiyar binciken noma ta Samaru, da shi kuma ake gwada sabon magani kafin a sake shi ga jama'a.

Alƙaluman da ƙasa ke tafiya a kansu

Wanda ke ganin ƙididdiga aikin takarda ce, ya dubi tarihin ƙidayar jama'a a Najeriya. An soke ta 1962 aka sake a 1963. An soke ta 1973. Ta 2006 ta ce mu kimanin miliyan 140 ne, ta kuma nuna Kano ta ɗan ɗara Legas, kowacce da sama da miliyan 9, aka yi ta jayayya. An shirya wata a 2023 aka ɗage. Rigimar ba ta rasa dalili ba, domin yawan jama'a na cikin ma'aunin rabon arzikin ƙasa da kujerun majalisar wakilai.

A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ƙarƙashin Dokta Yemi Kale, ta sauya shekarar da take auna tattalin arziki da ita daga 1990 zuwa 2010. Tsohon ma'auni bai san da bunƙasar wayar salula da harkar fina-finai ba. A rana ɗaya girman tattalin arzikin Najeriya na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa kimanin biliyan 510, ƙasar ta wuce Afirka ta Kudu. Babu wanda aljihunsa ya ƙaru da kwabo a ranar. Abin da ya canza shi ne yadda ake ƙirga, kuma da wannan sabon adadi masu ba da bashi da masu zuba jari suka ci gaba da kallon ƙasar.

Haka adadin hauhawar farashi da ake ji a rediyo kowane wata. Akwai mutanen da ke bin kasuwanni suna rubuta farashi, akwai waɗanda ke yanke nauyin da za a ba abinci da haya da sufuri a cikin lissafin. Haka alƙaluman mace-macen mata wajen haihuwa da na rigakafin yara: binciken lafiya na ƙasa na 2018 gidaje kimanin dubu 40 ya shiga, daga nan aka yi magana a kan ƙasa duka.

Ilimin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

Duk malamin da ya taɓa raba gado ya yi lissafi mai wuya. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye. Miji yana da rabi, su kuma suna da biyu bisa uku. In ka haɗa, uku bisa shida da huɗu bisa shida sun zama bakwai bisa shida, wato rabon ya fi dukiyar. Tun zamanin Sayyidina Umar aka warware matsalar: a kasa dukiyar bakwai a maimakon shida, kowa ya ragu daidai gwargwadon rabonsa. In Naira 700,000 ce, miji ya ɗauki 300,000, kowace 'yar uwa 200,000. Littafin aljabara da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wani babban sashensa a kan gado da wasiyya yake.

A Katsina an yi Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkatsinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin tsara hatimi, wato jera lambobi a gidaje yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mai gida tara jimlarsa 15, mai gida 25 jimlarsa 65. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin wani shahararren marubucin tarihi na Masar, kuma har yau masu tarihin lissafi na nazarin aikinsa.

A zamanin boko akwai Chike Obi, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij a 1950, da Farfesa Iya Abubakar ɗan Adamawa, wanda shi ma ya yi nasa a Kambirij ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Ga 'yan mata da ake cewa lissafi na maza ne, Grace Alele-Williams ta yi digirin digirgir a fannin koyar da lissafi a 1963, ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya a 1985. Maryam Mirzakhani 'yar Iran kuma ta ci lambar Fields, mafi daraja a duniyar lissafi, a 2014.

To, ina aikin yake?

Koyarwa na nan, kuma ba abin raini ba ce a yankin da makarantu da yawa ke rasa malamin lissafi. Amma ƙofa ɗaya ce cikin da yawa. Akwai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na jihohi, da Hukumar Ƙidayar Jama'a, da Babban Banki, da hukumar hasashen yanayi. Bankuna na neman wanda zai auna yiwuwar mai karɓar bashi ya kasa biya. Kamfanonin inshora da takaful da na fansho ba sa iya yanke kuɗin da za a riƙa biya sai da masu lissafin haɗari, waɗanda ke ƙara wasu jarrabawar ƙwararru bayan digiri. Kamfanonin waya, da ƙungiyoyin lafiya da na agaji, duk suna tara bayanai fiye da yadda suke da masu karanta su.

Har lissafin da ake gani ba shi da amfani yakan samu ranarsa. Lambobin nan marasa rabuwa, tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa masanin lissafi Yuklid ya kafa hujjar cewa ba su da iyaka, aka yi ƙarnuka ana nazarinsu don sha'awa kawai. A 1977 wasu masana uku a Amurka suka gina tsarin kulle saƙo a kansu, bisa dogaro da cewa ninka manyan lambobi biyu abu ne mai sauƙi, gano su daga sakamakon kuwa yana da matuƙar wuya. Irin wannan makulli na cikin abin da ke tsare katin banki da hada-hadar intanet a yau.

Sai dai a faɗi gaskiya: takardar digiri ita kaɗai ba ta buɗe waɗannan ƙofofi. Mai ɗaukar aiki zai ba ka tarin bayanai a kwamfuta ya ce ka fito masa da ma'ana. Wanda ya kammala bai iya Excel sosai ba, bai taɓa manhajar R ko Python ba, ya bar rabin jarinsa a baya, ko da sakamakonsa ya yi kyau. R da Python kyauta ne, kuma hutun zango ɗaya ya isa a fara. Mai son zurfafawa yana da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, da cibiyar lissafi ta AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Gana da Kamaru da Senegal da Ruwanda, wadda ke ba da digiri na biyu da cikakken tallafi.

Wa ya dace da shi?

Saurin lissafin ka ba shi ne ma'auni ba. Wanda ya dace shi ne mai iya zama da tambaya ɗaya yini guda, ya kasa, ya kwana, ya dawo mata da safe. Karatun ba ya yiwuwa a kwance kamar labari, sai da biro da takarda, ana sake kowane mataki da hannu. Ba ya kuma jure tari, domin kowane darasi a kan na jiya yake zaune, wanda ya bari sai daren jarrabawa ya makara. Zama da abokai uku ko huɗu ana warware tambayoyi, kowa na kare hujjarsa a gaban sauran, ya fi haddar tsofaffin takardun jarrabawa amfani nesa ba kusa ba.

Wanda aka tura sashen ba da son ransa ba, ya ba shi zango biyu na aiki tsakani da Allah kafin ya yanke hukunci. Daga lissafi ana shiga tattalin arziki, ko harkar kuɗi, ko lafiyar al'umma, ko kwamfuta a digiri na biyu cikin sauƙi, dawowa daga can zuwa lissafi ne ke da wuya.

Da yake maganar kwamfuta ta yi ta shigowa, lokaci ya yi da za mu dube ta da kyau. Kwas ne da dubban matasa ke rububi a kansa kowace shekara, wasunsu da zaton gyaran waya ko buga takardu za a koya musu. Babi na gaba zai duba abin da ake koyarwa a sashen kimiyyar kwamfuta, da yawan lissafin da ke jiran wanda ya gudo can don tsoron lissafi, da bambancinsa da injiniyan kwamfuta.